Dattijo Ɗaya, Kwamitoci, Ko Sakatare Mai Albashi: Wa Za Mu Damƙa Wa Ƙungiyarmu a Legas?

Wata Alhamis cikin azumi, muna idar da sallar asuba aka buga mini waya cewa wani mambanmu mai sayar da albasa ya cika a asibiti, kuma ba za a ba da gawa ba sai an biya ragowar kuɗin magani. Ban kai ga fita unguwa ba wani kiran ya shigo. Motar tumatir da mutum huɗu daga cikinmu suka haɗa jari suka yi wa lodi daga Kano ta lalace a hanyar Ibadan, rana ta fara dukan kwanduna. Kafin hantsi ga wata baiwar Allah a ƙofar shagona, mayafinta sharkaf da hawaye, an kama ɗanta a samamen daren jiya.

Shugabanmu, wanda kowa ke kira Baba, yana Umara. Makullin akwatin kuɗi yana hannun babban ɗansa. Na same shi a gida na yi masa bayani, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, Baba bai bar mini wannan izinin ba. Sai dai in na ji muryarsa." Wayar Baba kuwa a kashe, yana Harami. Sai da muka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci bayan azahar aka yi karo-karo, aka sallaci mamacin dab da magariba. Tumatir rabi ya ruɓe. Yaron nan ya kwana uku a tsare, alhali da an je da safe da wanda aka san fuskarsa, da ranar zai kwana a gida.

Babu wanda ya ci amana a wannan labari. Baba mutum ne da ko sisin ƙungiya bai taɓa shiga aljihunsa ba, ɗansa kuma biyayya ya yi. Tsarin da muka zauna a kai ne ya ba mu kunya. Tun ranar nake bin yadda sauran ƙungiyoyin mutanenmu ke tafiyar da lamuransu, daga Agege zuwa Mile 12, Idi-Araba da Obalende, kuma na ga hanyoyi uku ne ake bi. Na rubuta wannan ne domin masu shirin kafa ƙungiya, da waɗanda tasu ta girma har rigar da aka ɗinka mata tun farko ta matse ta.

A fara duba nauyin da muke ɗora wa ƙungiya a nan. A gida Arewa, in mutum ya rasu akwai dangi, akwai mai unguwa, akwai limamin da ya san shi tun yana yaro. A Legas duk waɗannan ƙungiya ce. Ita ce mai jana'iza da jinya, ita ke karɓar baƙon da ya sauka da jaka ɗaya, ita ke belin wanda aka kama, ita ke sasanta mamba da mai gidan hayarsa, ita ke biyan malamin Islamiyya, ita ke zama da baale, wato mai unguwar Yarabawa, da jami'an ƙaramar hukuma, ita ke kula da kuɗin shara da na masu gadi. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, to mu ba mu da damar rage dambun. Abin da ya rage shi ne yadda za a raba man.

Ni da tambayoyi uku nake auna kowace hanya. Me zai faru ranar da matsala biyu suka zo lokaci guda? Me zai faru ranar da mai riƙe da abin ba ya nan? Sannan wa ke tuna aikin da ba ya ihu, irin su sabunta takarda, kwashe shara da albashin malami, waɗanda ba wanda zai buga maka waya a kansu sai ranar da suka zama bala'i?

Hanya ta farko ita ce a bar komai a hannun dattijo ɗaya. Kada kowa ya raina ta, domin ita ta kafa mu a wannan gari. Tun da dogo ya isa Kano a 1911, fataucin goro da na shanu tsakanin Arewa da Ikko, wato Legas, ya tsaya ne a kan mai gida. Shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan an sayar bashi, ya karɓi la'adarsa. Ba takarda, ba sa hannu, mutunci ne jingina. Har gobe in ka shiga harkar shanu a Oko-Oba za ka tarar da ragowar wannan tsari yana aiki.

Abu uku ne dattijo ke da su da babu kwamitin da zai iya saya. Na farko sauri: ya ce a yi, an yi. Na biyu fuska. Lokacin rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, da gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar, waɗanda ake nema a irin wannan rana su ne masu furfurar da shugabannin Yarabawan unguwa da 'yan sanda suka sani shekara da shekaru, waɗanda in sun ce yaransu za su koma gida, za su koma. Na uku, wanda ni ya fi taɓa mini zuciya, shi ne rufin asiri. Na sha ganin Baba ya aika wa matar mamaci buhun shinkafa da dare, ko ya biya wa wanda jarinsa ya karye kuɗin haya, ba tare da an karanta sunan kowa a taro ba. Magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tsaya gaban mutum hamsin ya ce ba ni da shi, wurin dattijo kaɗai yake iya buɗe baki.

Amma ka ɗora ta a kan tambayoyin nan uku. Mutum ɗaya ba ya zama a asibiti da ofishin 'yan sanda a sa'a guda, ballantana a garin da tafiyar da ta kamata ta ci minti ashirin take cin awa biyu. Ranar da ba ya nan kuwa, kun ji abin da ya same mu. Akwai wadda ta fi wannan muni, kuma na ga ta faru da wata ƙungiyar maƙwabtanmu: dattijon ya rasu, kuɗin jama'a na cikin asusun bankinsa na kansa, filin da aka saya don makaranta da sunansa aka rubuta. Magada ba su yi ƙarya ba da suka ce su ba su san komai ba. Wanda ya san wane ya ba da nawa, wane ake bi bashi, an binne shi da ilimin a kansa. Zumuncin shekara talatin ya koma zaman kotu.

Kuma masu cewa wannan ita ce al'adarmu, ina roƙonsu su sake duban fadar garinsu. Sarki bai taɓa riƙe komai shi kaɗai ba. Akwai Waziri, akwai Ma'aji mai baitulmali, akwai Alƙali, akwai Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa, kowa da hurumin da aka san shi da shi. Mu ne a baƙunta muka tattara duk rawunan muka naɗa wa mutum ɗaya, sannan muke mamakin wuyansa ya gaji.

Hanya ta biyu ita ce kwamitoci na sa-kai, kuma yawanci matasa masu boko ne ke kawo ta bayan an sha irin wahalar da muka sha. A zauna ranar Lahadi bayan la'asar, a kafa kwamitin walwala, na ilimi, na sulhu, na kuɗi, na masallaci, kowanne da mutum bakwai ko tara. Ranar kowa zai tashi da farin ciki. Alherinta a fili yake: ido ya yi yawa a kan kuɗi, mutane sun ji ana damawa da su, kuma ana gano masu basirar da da can ba a san da su ba. Aikin da ke son natsuwa da shawara, kamar ginin aji, tsara dokokin ƙungiya ko binciken lissafin shekara, babu abin da ya kai kwamiti iya shi.

Matsalarta Legas ce da kanta. Mambobin kwamiti ɗaya, wani yana Ikorodu, wani Ajah, wani Agege, kowa da shagon da in ya rufe ba mai ciyar da iyalinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa taro kansa ya zama kashe kuɗi, sai zama ya koma WhatsApp. A nan ne na ga abin da ya fi ba ni tsoro. An sanar da rasuwa a zauren, cikin awa ɗaya saƙon "Allah Ya jiƙansa" ya fi ɗari, amma ba wanda ya tafi sayen likkafani, ba wanda ya je maƙabarta neman wuri. Kowa da kyakkyawar niyya ya ɗauka wani ya riga ya tafi. Aikin da aka ba mutum tara, in ba a kira sunan ɗaya ba, ba a ba kowa ba. Sannan idan kwamitin ilimi da na walwala suka nemi kuɗi ɗaya a wata ɗaya, babu mai raba gardama, sai wanda ya fi ɗaga murya ya samu.

Hanya ta uku ita ce a yi rajista da hukuma, a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, a ɗauki sakatare a riƙa biyansa. Ga yadda abin yake. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta tanadi rajistar ƙungiyoyi a Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ta hanyar amintattu, wato waɗanda za su riƙe dukiyar ƙungiya amana. Za ku zaɓi amintattunku, ku rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan a ba ku takardar shaida. Daga nan ƙungiya ta zama mai iya mallakar fili da asusu da sunanta, ko amintattun sun mutu tana nan. A madadin haka dole ku riƙa kai rahoton shekara, kuma sashe na 839 na dokar, a yadda aka fito da ita a 2020, ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan an samu almundahana, sashen da ya jawo surutu sosai lokacin da aka fito da shi. Idan kuma babban aikinku adashi ne da ba juna jari, rajistar ƙungiyar gama-kai a ma'aikatar jiha da ke Alausa ta fi dacewa da ku. Masu gudun kuɗin ruwa ba su da uzuri yanzu, domin akwai bankunan da ba sa harka da shi: Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021.

Wannan hanyar ce kaɗai ke amsa tambayata ta uku. Aikin da ba ya ihu yana bukatar mutumin da shi ne sana'arsa. A watan Oktoban 2023 gwamnatin jiha ta rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda shara da ƙazanta. Duk wanda ya san kayan gwari ya san abin da kwana ɗaya a rufe ke nufi ga mai tumatir da tattasai. Shara ba ta taɓa zama abin gaggawa a idon kowa, sai ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa. Haka lokacin da aka haramta acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Ƙungiyar da ke da rajistar mambobinta a rubuce ta san wa abin ya shafa, wa ke da iyali, wa ke bukatar kuɗin motar komawa gida. Wadda ba ta da shi sai ta dogara da wanda ya zo ya yi kuka, alhali mafi shan wahala sau da yawa shi ne mai kunyar zuwa.

Ba na ɓoye aibinta. Tana cin kuɗi: lauya, jarida, albashi kowane wata ko an samu ko ba a samu ba. Tana iya sanyaya zumunci, a wayi gari mai jinya ana ce masa ya rubuto takarda. Banki ma ba ya rasa ranar ba da kunya. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1,000, masu kuɗi a asusu sun yi layi sun dawo hannu rabbana, tura kuɗi ta waya ya yi ta maƙalewa, kamar yadda masu kuɗi a akwati suka shiga tashin hankalin kai tsofaffin takardu kafin wa'adi. Babban haɗarinta kuwa shi ne sakataren ya zama sabon dattijo ɗaya, ba tare da furfurar ba. In shi kaɗai ya san lambobin sirri, shi ke rubutawa, shi ke cirewa, shi ke karanta lissafi, to kun koma gidan jiya, kuma wannan karon babu kunyar da ke tsare dattijo.

Da na rasa mafita tsakanin ukun nan, sai na fara kallon wuraren da kuskure ke nufin rai. A sashen gaggawa na asibiti ba a bin layin wanda ya riga zuwa. Ana tantance marasa lafiya tun daga ƙofa, mai zubar jini ya wuce mai zazzaɓi, kuma wannan doka an kafa ta tun kafin su iso, ba a gaban 'yan'uwan majinyaci ake yin gardamarta ba. Matuƙan jirgin da ke tashi daga filin Murtala Muhammed su biyu ne, kuma komai daɗewarsu a aiki sai sun bi jerin abubuwan dubawa a rubuce, ɗaya na karantawa ɗaya na amsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauko wannan dabara ta fitar wa ɗakunan tiyata takarda mai abubuwa 19 a 2008. A banki, wanda ya shigar da biyan kuɗi ba shi ke amincewa da shi ba. Babu ɗaya daga waɗannan da ke zargin ma'aikacinsa da rashin gaskiya. Sun dai yarda cewa mutumin kirki ma yana mantuwa, yana gajiya, yana tafiya. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take umartar mu da rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata alƙalami ya zama abin jin kunya a tsakaninmu ba.

To wanne za a zaɓa? Idan ku 'yan gari ɗaya ne da ba ku wuce cika tabarma biyu ba, kuna unguwa ɗaya, abin da kuke tarawa bai fi na jana'iza da jinya ba, ku bar dattijonku. Kada ku kashe kuɗin marayu a kan lauya. Abu biyu kawai za ku ƙara: littafi a hannun wani dabam wanda ba ɗansa ba, da mataimakin da aka faɗi sunansa a gaban kowa, mai izinin buɗe akwati in ba ya nan. Idan kun bazu cikin gari kuma kun fara aikin da zai ɗauki shekaru, ku kafa kwamiti, amma biyu ko uku sun isa, kuma kada ku ba kwamiti aikin gaggawa. Ranar da kuka sayi fili, ko kuka fara biyan wani albashi, ko kuɗin ya kai wanda in ya ɓata za a daina gaisawa, ranar rajista ta wajaba, ko dattawa sun so ko sun ƙi. A kan wannan ba na sassautawa, saboda na ga abin da ya biyo baya a inda aka yi jinkiri.

Mu haɗa su muka yi, kuma ba cikin sauƙi ba. Da Baba ya dawo na same shi bayan isha'i, shi kaɗai. Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya. Ba kujerarka muke nema ba. Kaya ne muka ɗora maka da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, muna so mu kama maka." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, abin da nake tsoro kada ku mayar da mabukaci abin kallo." A kan wannan sharaɗin muka gina komai. Sulhu, zama da hukuma da taimakon sirri suna hannunsa, da wani kaso da yake kashewa ba tare da ya faɗi suna a taro ba, sai dai ma'aji ya rubuta adadin. Asusun banki mutum uku ne, sai biyu sun sa hannu, kuma sakatare ba ya cikinsu. Kuɗin gaggawa daban, na gini daban, na masallaci daban, ba a ranto daga wannan a zuba a wancan ko da za a mayar gobe. Akwai ɗan abin da muke ajiyewa a hannu saboda ranar da banki zai ƙi.

Sannan muka rubuta takarda shafi ɗaya muka manna a bangon ofis. Ta ce in abubuwa suka haɗu, mai rai a asibiti ne farko, sai gawa, sai wanda ke tsare, sai kaya mai lalacewa, sauran su jira taro. Gaban kowanne akwai sunan mutum ɗaya da lambarsa, da sunan wanda zai tsaya in ba a same shi ba, da iyakar abin da zai iya kashewa ba tare da ya tambayi kowa ba. Masu tumatir sun yi ƙorafin an sa su na huɗu, aka yi muhawara har dare, aka bar shi haka, amma aka ba su nasu mutumin mai lambar makanikai da direbobin hanyar Ibadan.

Abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba shi ne albashin sakatare. Wasu dattawan na ganin aikin jama'a lada ake nema da shi, biyan kuɗi yana rage albarka. Ni ina ganin yaron da ke rufe shagonsa kwana uku a mako don ya bi mana takardu a Alausa yana da haƙƙi a kanmu, kuma wanda ba ka biya ba, ba ka da bakin tambayarsa me ya sa bai yi ba. A yanzu kuɗin mota da na kati muke ba shi, an ɗage maganar albashin zuwa taron bayan Babbar Sallah.